Gwanjon 'Yan Ƙwallo a Zauren Gidanmu

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu. Abin da zan faɗa ba tatsuniya ba ce. A zauren gidanmu aka yi shi, a nan Haɗeja, da rana tsaka, ina zaune ina gani.

'Ya'ya maza biyu na raina. Ɗaya ni na haife shi, ɗan fari ne, bakina bai saba kiran sunansa ba, kuma ba yau zan fara ba. Ɗayan na maƙwabciyata ne, matar wani masunci, da ta rasu a kan gwiwa. Aka miƙo mini shi ko cibiya ba ta faɗi ba, na sa shi a nono ɗaya, nawa yana kan ɗayan. To don kada ku ruɗe, zan riƙa ce musu ɗana na ciki da ɗana na nono. Na ciki ya yi boko, ya zama ma'aikaci. Na nono, da ya tasa, dangin ubansa suka karɓe shi, ya bi ruwa. Amma duk safiyar Allah in ya fito daga kogi, gidana yake fara zuwa, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ajiye tarwaɗa ko karfasa a bakin murhu, sannan ya leƙa ɗakin ɗan'uwansa ya ce, "Har yanzu kana kwance, malalacin gwamnati?" Shi kuma ya ce, "Fita mini, ɓarawon nono, kana ƙarnin kifi." A haka suka yi aure, a haka suka tara iyali.

Bayan an yanke mana jiha ne wani malamin sakandare ya kama haya a bayan gidanmu. Kirista ne, mutumin ƙasar Filato, mai fara'a, Ticha muke ce masa, shi kuma yana ce mini Mama. Shi ya kawo wasan nan majalisar zaurenmu, ya ce a kwaleji suka koya.

Ranar da na fara ganinsa sai da na yi salati. Magidanta ne fa, masu gemu, masu 'ya'ya, sun kewaye tabarma suna gwanjon mutane. 'Yan ƙwallon ƙasar Turawa, waɗanda ake jin sunansu a rediyo, waɗanda ba su taɓa shan ruwan Haɗeja ba, ba su ma san da ita a duniya ba. Ticha ya kira suna, wannan ya taya, wancan ya ƙara, in aka yi shiru ya buga ludayi a gindin ƙwarya ya ce an sallama, ya rubuta da biro a bayan tsohuwar takardar jarrabawa. Daga nan kuma sai sauraron rediyo har shekara ta zagayo. In wanda ka saya ya ci ƙwallo can garinsu, Ticha ya ja maka layi. Wanda layinsa ya fi yawa shi ke zama a kujera guda da ke zauren, na ƙarshe kuma shi ke hura gawayin shayi. Sai da na aika aka tambayar mini liman ko caca ce. Ya ce tunda ba kuɗi, ba wanda ya ci dukiyar wani, wauta ce kawai, kuma ba a hana namiji wauta ba. Sannan hankalina ya kwanta.

Kuɗin wasan 'ya'yan tsamiya ne. Sana'ata ke nan a lokacin, kunun tsamiya, a bakin zauren nake ajiye tukunyata, shi ya sa komai a gabana ake yi. Ina tara musu 'ya'yan, in wanke in shanya. Ranar gwanjo a auna wa kowa gwangwanin madara guda, a shafe baki, kowa ya zube nasa a gabansa. Kowa yana ganin tsibin kowa. In naka ya ragu ka gani da idonka, in na abokin hamayyarka ya kusa ƙarewa ka gani, sai ka san yadda za ka ja shi. Ɗana na nono bai san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma a wannan tabarma ba wanda ya fi shi murya. Ba ya cin wasa, sau da yawa ma shi ke hura gawayi. Sunan da ya yi masa daɗin faɗa shi yake saya. Sai dai akwai wani mai tsaron gida da ya ɗora wa rai, wai yana kama ƙwallo kamar yadda taru ke kama kifi. Duk shekara nasa ne. In aka kira shi, sauran sukan ɗan taya don su ja masa rai, ya yi ta kumfar baki, sannan su sakar masa. Ba wanda ya taɓa faɗa da baki cewa a bar masa, amma kowa ya sani.

Wata shekara, da aka gama gwanjo aka tattara 'ya'yan tsamiya za a mayar mini, sai ƙwaryar ta cika har ta zube, alhali da aka ɗebo su ba su kai bakinta ba. Wani ya zo da nasa a aljihu ke nan. Ga tsamiya a ƙofar masallaci, ga ta a hanyar kasuwa, duk wanda ya sunkuya ya yi arziki. Aka yi ta dariya, ba a gano ko wane ne ba. Kowa ya manta ban da ɗana na ciki. Shi abin ya tsaya masa a wuya, don a shekarar ne ya so kujera ya rasa.

Lokacin ya samu aiki da wasu Turawa masu kula da fadama, masu ƙirga tsuntsaye da auna ruwa. A ofishinsu ya koyi kwamfuta. Da damina ta yi nisa, ruwa ya fara shiga gonakin shinkafa, lokacin gwanjo ya matso, sai ya zo wa majalisa da magana: a bar biro da takarda, a bar tsamiya, a yi da inji. Ya ce inji ba ya mantuwa, ba ya son kai, akuya ba ta cin shafinsa kamar yadda ta taɓa cin na Ticha, kuma ba mai zuba masa ƙari daga aljihu.

Ticha ya ce, "Mutumina, takarda ba ta neman wuta. Ko a ƙarƙashin bishiya sai a yi. In tsamiya ce damuwarka, Mama ta rina mana da shuni, kowa ya ga baƙuwa ya gane ta."

Na ce zan rina.

Na ciki ya ce, "Shuni ma ana sayarwa a kasuwa, Inna."

Tela, mai shago a bakin titi, shi ma ɗan majalisar ne, ya ce shi dai yana son ya ga abin da idonsa, janaretansa kuma ga shi nan kyauta. Aka kwashe kwanaki ana ja, har mutanen da ba sa wasan suka shigo ciki, wasu na inji, wasu na biro. Daga ƙarshe aka ce a ɗaga hannu. Aka yi kunnen doki, saura mutum ɗaya bai ɗaga ba, yana gefe yana ɗinkin komarsa. Ticha ya ce, "Sarkin ruwa, kai muke jira."

Ya ce, "Ni me na sani? Abin da malalacin nan ya ce shi na ce." Ya ɗaga hannu da allurar a ciki.

Ticha ya dube shi, sai ya rufe biro ya sa a aljihu.

Ranar Asabar aka sa, don Ticha yana da coci Lahadi. Bayan azahar sai ga motar ofis ta tsaya a ƙofar gida. Aka sauko da abin nan kashi-kashi, an lulluɓe shi da bargo: wani mai fuskar gilashi kamar talabijin, wani kamar akwatin ƙarfe, wani faifai mai haƙora, da wayoyi kamar hanjin rago. Aka ɗauko teburin cin abincin matar ɗana na ciki aka kafa a tsakiyar zaure, inda tabarma take. Mutane suka koma jikin bango. Tela ya ja janareta, hayaƙi ya turnuƙe, ƙara ta cika unguwa, kajina suka watse. Na fito da ƙwaryar tsamiya kamar kullum, na ciki ya ce, "Inna, mayar da ita, yau ba aikinta." Ya ce rabon kowa yana cikin injin, lamba ce, kowa daidai da kowa, in ka saya shi zai rage maka da kansa.

Na mayar. Na dawo na zauna bakin tukunyata.

Ɗana na ciki kaɗai ke kallon gilashin. Sauran suna kallon ƙeyar injin. Ticha yana kiran sunaye da ƙarfi saboda ƙarar janareta, ana tayi da ihu, wanda ke nesa ba ya jin na kusa. Masu karatu sukan tashi su zagaya su leƙa kafaɗarsa su ga abin da ya rage musu, su dawo. Ɗana na nono bai tashi ba. Ina kallon hannuwansa, yana ta shafa tabarma a gabansa, wurin da tsibinsa ke zama, ba komai a wurin. Amma bakinsa bai mutu ba. Aka kira wani mai suna kamar ana tauna ƙanzo, ya ce wannan nasa ne, ya ja da tela har ya kayar da shi. Aka kira wani, ya sake ja. Da can, in tsibi ya fara raguwa, idonsa ke tsayar da shi. Ran nan ba abin da zai tsayar da shi.

Sai aka kira mai tsaron gidan nan.

Na nono ya gyara zama, ya tura hula gaba, ya ce, "To, 'yan kallo ku matsa, mai kaya ya zo." Aka yi dariya. Tela ya taya kaɗan yana ƙifta ido. Na nono ya ƙara. Ɗana na ciki ya danna haƙoran nan, sai injin ya yi wani kuka, ɗan siriri, kamar na ɗan tsako.

Ya ce, "Ba ka da shi."

"Ba ni da me?"

"Rabonka ya ƙare. Abin da ya rage maka bai kai tayin da ka yi ba."

"Ya ƙare a ina? Mutum nawa na saya? Kai dai ka ci mini, malalaci, nuna mini in gani."

Ya faɗa ne da wasa, ina jin muryarsa. Sai ɗana na ciki, ɗan da na haifa, ya kama gilashin nan da hannu biyu ya juyo shi gaban jama'a, ya nuna da yatsa, ya ce, "Ga shi nan. Karanta."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya haɗiye ta da sauri. Ludayin kunu yana hannuna, ban san sanda ya nutse cikin tukunya ba. Na nono ya dubi gilashin, hasken yana dukan fuskarsa, ya dubi ɗan'uwansa. Ya ce a hankali, har sai da na karanci leɓensa saboda ƙarar janareta, "Lokacin da kake koyon karanta shi, wa yake tuƙa ka a jirgi ya kai ka makaranta in ruwa ya cinye hanya?"

 Ticha ya yi maza ya ce, "A ba shi aro daga nawa, ni na yafe." Na ciki ya ce ba a shirya injin da aro ba, in aka taɓa, lissafin kowa zai rikice. Tela ya ce to shi ya janye tayinsa, a tsallake wannan, a bar shi ba mai shi.

Da a nan aka tsaya, da sauƙi. Amma ɗana na ciki ya mayar da gilashin gabansa, ya duba, ya ce ai a wannan farashi mai tsaron gidan ya faɗi ƙasa warwas, injin ya nuna ya fi haka daraja nesa ba kusa ba, asara ce a bar shi. Ya ƙara ɗaya a kan tayin tela. Ya ce, "Ticha, buga mana."

Ticha bai buga ba. Na ciki ne ya miƙa hannu ya danna da kansa.

Ni dai na ga abubuwa a rayuwata. Na ga shekarar da ruwa ya shiga gari ya narkar da katangu kamar gishiri, na ga shekarar da bai zo ba sam, shinkafa ta ƙone a tsaye. Duk ban riƙe baki ba kamar yadda na riƙe a ran nan. A kan mutumin da ba a taɓa gani ba, da kuɗin da babu su.

Na nono ya miƙe, ya ɗauki takalmansa a hannu, ya fita. Ta gabana ya wuce, gefen rigarsa har ya taɓa tukunyata, bai ce mini sai an jima ba. Tun da ya iya magana bai taɓa yin haka ba.

Washegari kifi ya zo, amma matarsa ce ta kawo. Jibi ma haka. Na kira na ciki ɗakina na ce, "Ka san abin da ka yi?" Ya ce, "Inna, wasa ne fa. Doka ce, kuma shi ma ya ɗaga hannu." Na ce, "Don wa ya ɗaga?" Ya sunkuyar da kai, amma na ga bai kai inda nake so ya kai ba.

Na yafa mayafi na bi bakin kogi. Aka ce mini ya koma sansanin masunta can cikin fadama, ta wajen hanyar Kafin Hausa. Wani mai jirgi ya tsallakar da ni, ruwa ya shafe gonaki, sai kan shinkafa ke leƙowa. Na same shi yana jera kifi a kan banda. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ba ni haƙurin fitar da ya yi. Na ce ya dawo gida. Ya ce, "Inna, ba rashin karatun ne ya dame ni ba. Duk Haɗeja an san ban iya ba, ban taɓa ɓoyewa ba. Da tela ne ya faɗa, dariya zan yi in zage shi. Amma shi fa?" Ya juya kifi, hayaƙi ya shiga idonsa, ya goge. "Kuma ya saye mini gola."

Na dawo na ce wa na ciki ba zan ƙara cin tuwon gidansa ba sai ya gyara. Na koma dafa nawa a ƙaramar tukunya. Abin ya dame shi, ya ce zai gyara. Ku ji gyaran. Ya je ofis, ya sa injin ya fitar da takarda fara tas, mai layi-layi, da ke nuna ya mayar wa ɗan'uwansa mai tsaron gida, ya ƙara kalmomin ban haƙuri a ƙasa, ya ninke ya ba mai jirgi ya kai.

Ticha ne ya zo ya gaya mini, yana tsaye a bakin zaure yana juya hula a hannu. Ya ce, "Mama, Sarkin ruwa ya zo har makaranta da takardar, ya ce in karanta masa. Ina karantawa ina jin kunya. Da na gama ya ce na gode, ya bar mini ita a kan tebur." Na ce, "Takarda ya aika masa? Shi?" Ticha ya ce, "Takarda, Mama. Da Turanci."

Ran nan ban yi magana a hankali ba. Maƙwabta sun ji. Na ce wa na ciki ya cire takalmin ofis ya tafi da ƙafarsa da bakinsa, kada ya shigo mini gida sai ya je. Ya tafi da hantsi, ya dawo bayan la'asar, wandonsa taɓo har gwiwa, idonsa ja. Ban san abin da suka faɗa wa juna ba, ban kuma tambaya ba. Ya ce mini kawai, "Ya ce ya yafe."

Ya yafe ɗin. Ya dawo gaishe ni da safe kamar da. Ran da ya fara dawowa suka yi kiciɓis a tsakar gida, na ciki zai fita aiki. Na tsaya da tsintsiya ina jira. Na nono ya ɗan rusuna, ya ce, "Ranka ya daɗe, an tashi lafiya?" Ɗana ya tsaya kamar an watsa masa ruwan sanyi. Ya ce, "Haba, ni ne fa." Ya ce, "Na sani, ranka ya daɗe." Ya kauce masa a hanya ya ba shi wuri ya wuce.

Da shekara ta zagayo, manyan ofis suka hana fitar da injin, aka koma biro da takarda ba tare da an ɗaga hannu ba. Aka aika wa na nono, ya ce ruwa ya yi yawa bana, ba shi da sukuni. Aka yi gwanjon shiru-shiru kamar zaman makoki. Ba a ƙara wani ba bayan na shekarar da ta biyo.

Ticha ya yi ritaya ya koma ƙasarsu, yakan aiko mini da dankali in ya samu mai zuwa, daga baya aka aiko cewa ya rasu. Tela idonsa ya yi rauni, ya bar wa 'ya'yansa shago. Turawan fadama suka naɗe kayansu suka tafi, ɗana na ciki ya koma sakatariya a Dutse, ya yi girma a aiki, yana zuwa duk ƙarshen wata. Na nono kuwa, da ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa kifi ya ja baya, ya kwashe iyalinsa ya bi ruwa gabas, wajen Nguru. In an yi haihuwa ko rasuwa suna haɗuwa, su gaisa, su tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, su zauna a tabarma guda ba mai tsokanar wani. Ni kuma ga ni nan, ƙafa ta ƙi, ido ya rage, ina jiran lokaci. Iyakar abin da na gani ke nan, ku tashi ku kama harkokinku.